Osamu Tezuka: Yabo da Sauran Magana

Japanawa ba su yi ƙarya ba da suka kira Osamu Tezuka uban manga, wato labaran da ake bayarwa da zane. An haife shi a 1928, ya karanci likitanci har ya samu lasisi, amma alƙalami ya riƙa. Tun daga littafinsa Shin Takarajima na 1947 ya sa shafin takarda yana motsi kamar majigi: a matso da fuska, a ja baya, mota ta taho a guje. Labarin Astro Boy ya biyo baya a 1952. Kafin rasuwarsa a 1989 ya zana shafi kusan 150,000, abin da ko ji kawai gajiyar da mutum yake yi. Sai dai masu yabonsa kan tsallake 1963, lokacin da kamfaninsa Mushi Production ya kai Astro Boy talabijin a farashin da bai mayar da kuɗin aiki ba. Gidajen talabijin suka saba da arha, kamfanin ya durƙushe a 1973, kuma har yau ƙananan masu zanen katun a Japan na kukan ƙarancin albashi. Gwani ne na gaske, amma a wannan cinikin ya cuci na bayansa.