Daga Bakin Allo: Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Ya 'yan'uwa jama'ar zango, muna rubuto muku daga unguwar Aziziyya ta birnin Madina.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani Alhaji, uban ɗaya daga cikin almajiranmu, ya tare mu bayan sallar La'asar yana riƙe da wayarsa. Ya ce, "Malam, ga wani mutum nan yana talla, wai zama biyar kaɗai zai yi da yaro, ya sa shi barci da magana, ya tashi garau. Ka ga in biya?" Kuɗin da aka yanka masa kuwa sun fi abin da yake samu a wata. Muka ce, "Alhaji, dakata tukuna, ka ba mu mako guda mu bincika." To, ga abin da muka samo, mun ga ya kamata kowa ya ji.

Yaron nan shekararsa tara. Kansa yana ja ƙwarai, in ya ji aya sau biyu ya riƙe ta. Amma ba ya iya zama a tabarma ko na ɗan lokaci, in kuwa aka taɓa allonsa ko aka canja masa wurin zama, sai ya ɓarke da kuka yana buga kansa da bango, har ya gaji don kansa. Ba za mu ɓoye muku laifinmu ba, da fari bulala muka sa masa kamar yadda aka yi mana muna yara. Kullum muka doke shi, gobe abin ya fi na jiya. A gida kuma waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sangarta ce. Sai da uwarsa ta matsa aka kai shi asibitin yara, likita ya duba shi zama bayan zama, kana ya faɗi sunan abin.

Larura iri biyu ce ake yawan haɗa su. Ta farko ita ce wadda Larabawa ke kira tawahhud, Turawa su ce otizim, mutanenmu kuma sukan ce galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya lura da yara 11. Mai ita yana wahala wajen cuɗanya da mutane, yana son kome ya tafi yadda ya saba, kuma ƙara ko haske ko cunkoso suna yi masa nauyi fiye da kowa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Ta biyu ita ce yawan motsi da rashin tattara hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD. Tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kanta, ana kuma samunta ga kimanin yara 5 cikin 100. Duka biyu daga ginin ƙwaƙwalwa suke, gado yana da hannu babba a ciki, kuma sau da yawa yaro ɗaya yakan haɗa su. Uwa ba ta da laifi, malami ma ba shi ya jawo ba.

Abin lura shi ne, fushi yana hawa wa irin wannan yaro da sauri kamar madara a kan wuta, saukarsa kuwa a hankali. A lokacin da ya hau, kunnensa ba ya ɗaukar nasiha, tsawa da duka kuma itace ne ake ƙara wa murhu.

To, mu koma ga maganar mai talla. Wannan abu Larabawa na ce masa tanwim magnaɗisi. Wani likita a Manchesta ta Ingila, James Braid, shi ya yaɗa sunansa na Turanci a 1843. Ba barci ba ne na sosai. Mutum yana farke, likita yana yi masa magana a hankali har jikinsa ya saki, hankalinsa ya taru wuri guda. A 1955 ƙungiyar likitocin Ingila ta yarda a yi amfani da shi ga waɗansu cututtuka, an kuma ga yana rage zafin ciwo da fargaba da wani irin ciwon hanji. Game da rashin tattara hankali, an gwada shi a ƙasar Finlan a 2010 ga manya 'yan kaɗan, aka ga ɗan sauƙi, amma gwajin ƙarami ne, ba a gina hukunci a kansa. Galahanga kuwa ba ya warkar da ita ko kusa. Bayan wannan, kwamitin fatawa na dindindin na ƙasar nan ya taɓa hana shi, bisa fahimtar cewa da aljani ake yi, ko da yake waɗansu malamai sun raba tsakanin aikin likita da na boka. Saboda haka duk mai niyya ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma nemi a nuna masa lasin daga hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Saudiyya. Wanda ya yi maka alkawarin waraka cikin zama biyar, aljihunka yake dubawa.

Abin da likitoci suka fi dogara da shi sananne ne: a koya wa iyaye da malamai dabarun tafiyar da yaron, a koya masa magana da mu'amala in yana bukata, kana ga mai yawan motsi akwai magani irin su Ritalin, wanda ba a ba da shi sai da takardar likita. A Riyad akwai ƙungiyar Ishraƙ da ke taimakon iyayen irin yaran nan, lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya kuma ana kiranta a nemi shawara.

Mu kuwa a zaurenmu ga abin da muka canja. Mun ɗauke yaron daga gindin mukayyif mai ƙara, muka ba shi gefe guda da ba a taɓa masa. A bayan allonsa muka rubuta masa tsarin yini da ajami: karatu, wanke allo, shan ruwa, biya, tashi. In za a sauya wani abu sai mu gaya masa tun da wuri. Darasinsa muka yanka gajere, tsakani kuma mu aike shi ya ɗebo ruwan tawada ko ya jera alluna, don jikinsa ya sami motsin da yake nema. In muka ga ya fara murza yatsu yana toshe kunne, ba ma jira, sai mu ja shi gefe, mu rage murya, mu yi numfashi tare da shi a hankali har sau goma. In ya yi daidai, nan take mu yaba masa gaban 'yan'uwansa.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne gare mu. An koya mana cewa mai fushi ya yi shiru, ya zauna, ya yi alwala. A cikin garin nan kuma Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Mu da muke zaune kusa da kabarinsa mun fi kowa cancantar jin kunya in muka ɗaga bulala a kan yaron da ba shi da iko da kansa.

Ba mu ce yaron ya warke ba, har yanzu akan yi ranar da kuka ke kayar da shi. Amma wata uku ke nan bai buga kansa da bango ba, ya kuma kai izu biyu. Alhaji ya riƙe kuɗinsa, ya koma ga likitan farko.

Muna roƙon malaman zango da iyaye, duk wanda ke da irin wannan yaro ya kai shi a duba kafin ya kai hannu ga bulala ko ga aljihu. Addu'a kuma kada a bari, a haɗa ta da neman magani. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙuri da su, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wassalam.