Rajista Ba Ta Karanta Niyya

A jinginar gargajiya, hujja a hannu take. Mai neman rance ya kawo zinare ko takardar gida ya damƙa wa mai ba shi, duk wanda ya zo daga baya ya ga kayan sun bar hannun mai su, ya san suna da nauyin bashi a kansu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta bashi, wadda ke biye da ita kuma ta ambaci jinginar da ake riƙewa a hannu. Sai dai kasuwancin zamani ya zo da wata bukata. Mai injin casar shinkafa ba zai iya kai injinsa banki ya ajiye ba, domin da injin ne zai nemo kuɗin biya. Kaya na nan a hannun mai bashi, abin da ya maye gurbin riƙon hannu shi ne sanarwar jingina da ake shigarwa a rajistar hukuma. Saboda haka kuskure a wannan sanarwa daidai yake da sakin jinginar.

Abin da ya faru da kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya isa misali. A 2006 kamfanin ya karɓi rancen dala biliyan 1.5 daga gungun masu ba da lamuni, bankin JPMorgan yana wakiltarsu, aka kuma shigar da sanarwar jinginar injuna da kayan masana'antu a jihar Delaware. Akwai wani tsohon bashi na daban, na kimanin dala miliyan 300, wanda aka ƙulla a 2001 ta hannun wannan banki. A 2008 kamfanin ya tashi biyan ƙaramin bashin. Lauyoyinsa suka binciko sanarwoyin da za a soke, suka haɗa da ta babban rancen bisa kuskure. Takardun suka bi ta hannun bankin da lauyoyinsa, babu wanda ya ankara, aka shigar da sokewar a watan Oktoba.

A watan Yunin 2009 General Motors ya durƙushe ya nemi kariyar kotu, a nan ne ɓarnar ta fito fili. Bankin ya kafa hujja da cewa babu wanda ya yi nufin sakin jinginar babban rancen. Kotun Ƙolin Delaware a 2014, da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Janairun 2015, suka ce wannan bai isa ba: tunda bankin ya duba takardar ya kuma amince a shigar da ita, sokewar ta tabbata. Shari'ar ta ci gaba har 2019, lokacin da aka sasanta a kan dala miliyan 231. Ɗan hakin da aka raina shi ne ya tsone ido.

Akwai masu ganin hukuncin ya yi tsauri, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Mai bashi da mai ba da shi duka sun san jinginar na nan, waɗanda suka ci ribar kuskuren kuwa mutane ne da ba su taɓa sa ran samun waɗannan kadarori ba. Amma ba domin ɓangarorin biyu aka kafa rajista ba, su suna da yarjejeniyarsu a rubuce. An kafa ta ne domin mutum na uku, wato bankin da zai ba da rance gobe, ko ɗan kasuwar da zai sayi injin, wanda ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyar kowa sai abin da bincike ya nuna masa. Da kotu za ta riƙa karɓar uzurin niyya, da kowane sakamakon bincike ya zama abin shakka, masu ba da lamuni kuma su koma neman takardar fili kaɗai.

Wannan ne dalilin da ya sa dokar Amurka ta tsananta a kan suna. Idan kuskure a sunan mai bashi ya hana sanarwa fitowa lokacin da aka bincika da sunansa na hukuma, sanarwar ba ta da tasiri. Tana kuma mutuwa bayan shekara 5, sai an sabunta ta a cikin wata 6 na ƙarshe.

Najeriya ta ɗauki irin wannan tsari. Babban Bankin Najeriya ya buɗe rajistar jingina ta ƙasa a 2016, kuma a watan Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a dokar jinginar kadarori masu motsi. Manufar ita ce tarakta, dabbobi, amfanin gona da kayan shago su zama abin jingina ga ɗimbin 'yan kasuwar da ba su da takardar mallakar fili. A wannan rajista, wanda ya riga shigar da sanarwa shi ke gaba wurin biya, kuma da lambar shaidar mai bashi ake bincike, don haka lamba ɗaya da ta kauce na iya ɓoye sanarwar baki ɗaya. Ga kamfanoni kuma akwai dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta ba da kwana 90 a yi rajistar jingina a Hukumar Rajistar Kamfanoni, in ba haka ba jinginar ba ta da ƙarfi a gaban mai karkasa dukiyar kamfani da sauran masu bin bashi.

Haɗarin ya fi kusa a inda suna ɗaya ke da rubutu iri-iri, kamar Muhammad da Mohammed da Muhammadu, kuma inda sunan da ke allon shago ya sha bamban da wanda ke takardar rajista. Maganin ba shi da tsada. A kwafo suna da lamba daga takardar hukuma kai tsaye. A sake bincike bayan an shigar, a tabbatar sanarwar ta fito. Kafin a soke wata, a gwada lambarta da yarjejeniyar bashin da aka biya. Shi ma mai bashi yana da hakkin a soke tasa da zarar ya kammala biya, domin sanarwar da aka bari tana toshe masa ƙofar rance na gaba.

A ma'aikatu da yawa, manyan lauyoyi kan shafe makonni a kan yarjejeniya, sannan a bar wa ƙaramin ma'aikaci cike sanarwa da yammacin ranar rufewa. Wannan rabon aiki a juye yake. Ranar da kamfani ya faɗi, sanarwar ce ke tantance wanda za a fara biya, don haka ya kamata wanda ya sa hannu a rancen ya karanta ta da idonsa kafin ta shiga rajista.