Salerno: Garin da mata suka yi likitanci shekaru 900 da suka wuce

Yau za mu leƙa kudancin Italiya, wani tsohon gari na bakin teku mai suna Salerno, kimanin kilomita 50 daga birnin Napoli.

Garin ya yi suna ne da makarantar koyon likitanci, wadda ta yi tashe a ƙarni na 11 da na 12. Cikin waɗanda suka ɗaga ta har da Kustantin ɗan Afirka, mutumin ƙasar da a yau ake kira Tunisiya. Ya isa Salerno wajen shekarar 1077, daga baya ya fassara littattafan likitocin Musulmi daga Larabci zuwa Latin, ciki har da Zadul Musafir na Ibnul Jazzar, likitan Ƙairawan. A 1231 Sarki Frederick na Biyu ya kafa dokar cewa ba mai yin likitanci a masarautarsa sai malaman Salerno sun jarraba shi. Sai a 1811 aka rufe makarantar.

Abin da nake so ki lura da shi, 'yar'uwa, shi ne a garin nan mata ma sun yi aikin magani. Wadda ta fi shahara ita ce Trota, a ƙarni na 12. Da sunanta aka san wasu littattafai guda 3 da ake kira Trotula, kan cututtukan mata, haihuwa da gyaran jiki, waɗanda aka yi ta kwafa da hannu ana fassarawa a Turai shekaru aru-aru. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi dalilin rubuta shi: kunya tana hana mata gaya wa likita namiji ciwon da ke damunsu.

Mu ma'aikatan jinya har yau muna ganin wannan kunyar. Mace ta ji ƙullutu a mama, ko jini ya ƙi ɗauke mata, ko yoyon fitsari ya same ta bayan doguwar naƙuda, ta yi shiru wata da watanni don babu mace mai dubawa. Kafin a kawo ta asibiti, aikin ya yi nisa.

Maigida, in kana son mace ta duba iyalinka, to sai wani ya bar 'yarsa ta yi karatun. Ka bar taka ta je makarantar jinya, ta ungozoma ko ta likitanci. Ke kuma, kada ki jira sai an samu likita mace. Ki je, ki nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke lokacin dubawa.

A asibitin garinku akwai likita mace? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya.