Ba Kowane Bambancin Matsi Ne Ringi Ba: Raddi Ga Masu Gaggawar Sauke Inji

Wani da ke kiran kansa masanin motoci ya daɗe yana yaɗa wata magana a tsakanin masu sayen motocin Kwatano, har dillalai sun haddace ta. Wai da zarar an auna matsin iska a silindojin inji aka ga ba su zo daidai ba, to ringi ya mutu, inji ya gama yawo, a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo wani. Ya ƙara da cewa gwani ba ya buƙatar ma'auni, kunne da hayaƙi sun ishe shi. Zan bi maganar tasa daki-daki, duk da cewa ba ta cancanci wannan wahalar ba.

Tushen kuskurensa shi ne ɗauka cewa ringi kaɗai ke tare iska a cikin silinda. Ina bawul? Ina gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa? Ko bangon silindar kansa? Ta kowanne daga cikinsu iska na iya sulalewa, kuma kuɗin gyaransu ya sha bamban nesa ba kusa ba. Bawul ɗin da ya ƙone, ko wanda aka ɗaure shi da yawa har ba ya rufewa sosai, zai zubar da matsin silinda guda alhali ringinta lafiya lau. Duk bakaniken da ya jima yana taɓa tsofaffin Honda ya san bawulolin fitar da hayaƙi kan matse idan aka daɗe ba a saita su ba. Saiti ne na yini guda, amma malaminmu zai sa mutum ya sayar da akuyoyinsa ya sayi inji!

Kuma rarrabewar ba sihiri ba ce. A auna silindar da ta yi ƙasa, a rubuta. A zuba mata baƙin mai kamar cokalin shayi ta ramin filogi, a sake aunawa. In allurar ma'auni ta yi sama sosai, man ya toshe giɓin ringi na ɗan lokaci ke nan, zargi ya tabbata a kan ringi ko bangon silinda. In ba ta motsa ba, a nemi matsalar a sama, wajen bawul ko gasket. Idan silindoji biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, galibi gasket ne ya fashe a tsakaninsu. Mai son tabbaci ya tsayar da fistan a can sama, bawuloli a rufe, ya hura iska ya kasa kunne: ƙara daga salansa bawul ɗin hayaƙi ne, daga murfin baƙin mai ringi ne, kumfa a lagireto kuwa gasket ne ko tsagewar kan inji. A nan kunne ke da amfani, bayan awo.

Sannan wane bambanci yake nufi? Babu injin da ya ci hanya da silindojinsa za su zo daidai wa daida. Littattafan gyara na Toyota sukan yarda da tazarar da ba ta wuce psi 15 ba, na Honda da dama har kusan psi 28. Su masu ƙera injin ke nan. Shi kuwa ko lamba ɗaya bai kawo ba.

Bai kuma ce komai a kan yadda ake awon ba. Sai inji ya yi zafi, an cire filogi duka, an danne totur har ƙasa, batir na da ƙarfi. Batir mai rauni kan sa silindar da aka auna daga ƙarshe ta zama kamar marar lafiya, don kawai sitata ta gaji.

Batun hayaƙi kuwa, shuɗin hayaƙi na iya fitowa daga robobin bawul da suka bushe, matsi kuma yana nan daram.

Shawararsa ta sayo wani injin ba ta ma buƙatar dogon raddi. Wanda ke jibge a kasuwa, wa ya auna shi?

Don haka mai shirin sayen mota, ka sa a auna kowace silinda a gabanka, a bushe da kuma da mai, a rubuta maka lambobin a takarda. Kada ka yarda a kwance ƙusa ko ɗaya kafin ka ga wannan takardar.