Bulala Ba Ta Maganin Damuwa

A Agege aka haife ni, babana ɗan kasuwa ne a Mile 12, kuma nan Ikko na yi sakandare. Muna aji biyar wani abokina ya daina hira, ya daina cin abinci, ya rarraba mana littattafansa. Ranar da ya ce wa malaminmu ya gaji da duniya, sai malam ya zane shi, wai iskanci ne. A unguwa kuma aka ce aljanu ne. Ba a yi wata biyu ba ya kashe kansa.

Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Malamin da ke yini da yara, me zai hana a koya masa alamun nan? Abu ne mai sauƙi: ka ja yaron gefe, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Ka saurare shi ba tare da faɗa ba, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira iyayensa, a kai shi ga likita. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba nan kusa da mu.

A 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, amma doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Masu cewa Musulmi ba ya shiga wannan hali, ku ji tsoron Allah. A yi addu'a, a kuma nemi magani.