Fumfuna a buhun masara: gwajin mako guda da za ki yi da yaranki

 Sabuwar masara da gyaɗa sun fara cika kasuwannin Jalingo, ga shi damina a Taraba kan kai watan Oktoba ba ta ɗauke ba. A irin wannan lokaci ne ake ɗura hatsi a buhu da sauran danshinsa, nan kuwa fumfuna ke samun wurin zama.

Ɗaliban kimiyyar halittu a jami'a kan auna saurin yaɗuwar fumfuna: su shuka ta a tsakiyar ƙaramin faranti mai murfi, kullum su auna faɗinta da rula. Ke ma za ki iya yin irinsa da yaranki. Ki sami yankan burodi biyu. Ɗaya ki yayyafa masa ruwa, ɗayan ki shanya shi ya bushe ƙarau. Ki sa kowanne a farar leda, ki ɗaure tam, ki ajiye a ɗaki. Da tabo ya ɓullo, yara su riƙa auna faɗinsa kullum a lokaci ɗaya, ta bayan ledar, suna rubutawa. Idan ran Litinin milimita 5 ne, ran Alhamis ya kai 20, ya ƙaru da 15 a kwana 3, wato milimita 5 a kullum. Za ki ga mai danshin ya yi gaba, busasshen da ƙyar zai nuna komai. Kada a buɗe ledar ko a shinshina, in an gama a jefar da ita a ɗaure.

Abin da danshi ya yi wa burodin nan, shi yake yi wa buhunki. Akwai wata fumfuna mai launin kore-kore da ke kama masara da gyaɗa, tana fitar da guba mai suna afilatokzin. An gano ta bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sanadin abincin da aka haɗa musu da gyaɗa. A 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike a Benin da Togo a 2002 ya nuna yaran da suka tsumbure sun fi yawan gubar a jininsu. Tana kuma shiga nonon uwa da na saniya.

Gubar ba ta ganuwa, kuma dafa tuwo ko suyar ƙuli-ƙuli ba sa kashe ta. Saboda haka:

Ki shanya hatsi a kan tabarma ko tamfol, kada a zuba a ƙasa.

Kafin ɗurawa, ki zuba masara kaɗan da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Ki ɗora buhu a kan katako, nesa da bango.

Ki tsince gyaɗar da ta yamushe, ta fashe ko ta canza launi kafin ki yi wa yara kunu. Kada ki ba kaji ko dabbobi abin da kika tsince.

A kasuwa, kada arha ta ruɗe ki ki sayi tsakin gyaɗa ko masara mai warin danshi.

Idan maigida manomi ne, ya tambayi malaman gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ana watsa shi a gona makonni 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar tun daga tushe.

Sai mako mai zuwa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.