Ra'ayinmu: Kada rijiyar malami ta ƙafe

Ya ku 'yan uwa malamai da iyalanmu,

A hunturun bara, wata safiya da hazo ya lulluɓe gari har ba a hango ƙarshen filin makaranta, wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai daga ina wannan ƙurar take zuwa?" Mai rubuta wannan shafi, wanda ya shafe shekara 20 da alli a hannu, ya ce mata daga arewa, ya juya ga allo. Amsa ce ta sallamar mai tambaya, kuma yarinyar ta gane hakan, domin ba ta sake ɗaga hannu ba har aka tashi.

Abin ya tsaya masa a rai. Da dare ya ɗauki wayarsa ya shiga bincike, sai ya tarar cewa kaso mai yawa na ƙurar nan daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Chadi. Dubban shekaru da suka wuce, wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo kudu da yamma da shi. Wani ɓangarensa har Tekun Atilantika yake tsallakawa. Malamin nan ya yi ta murmushi shi kaɗai, har uwargida ta tambaye shi ko albashi ne ya shigo.

Washegari ya shafa yatsa a kan teburin aji, ya nuna wa yara, ya ce, "Wannan baƙuwa ce daga Chadi." Ajin ya yi tsit, sannan hannaye suka tashi ta ko'ina, har da na yarinyar jiya.

Mun kawo wannan labari ne domin mu tambayi kanmu: yaushe rabonmu da irin wannan farin ciki? Ba a ce mun daina karatu ba. Da yawanmu mun sami NCE daga kwalejojin ilimi ko ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976. Wasu sun ƙara digiri a lokacin hutu, wasu sun koyi riƙe linzamin kwamfuta saboda jarrabawar TRCN. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai sannu a hankali karatunmu ya koma na neman takardar shaida da ƙarin girma, ana karɓar sakamako a rufe littafi. Karatun da mutum yake yi don kawai zuciyarsa ta ƙosa ta sani, shi ne ya yi ƙaranci a tsakaninmu.

Hasarar kuwa ba ta tsaya a kanmu ba. Yaro yana karanta fuskar malaminsa kafin ya karanta allo. Idan ya ga darasi ya gunduri mai koyar da shi, da wuya ya yarda akwai daɗi a cikinsa. Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, don haka a inda aka fara aiki da ita, wanda yake shekara arba'in da 'yan kai yau yana da kusan shekara 20 a gaban allo. Shin da tsohon littafin shirin darasin da ya kode za mu cika su?

Mun san abin da wani zai ce: wanda albashinsa ya makara, ajinsa ya cika ya batse, kuma ga kuɗin cefane yana jiransa, ina ya ga sukunin binciken asalin ƙura? Maganarsa gaskiya ce, kuma ƙungiyarmu, wadda take fafutukar haƙƙin malami tun 1931, ba za ta sassauta a kan wannan ba. Amma daɗin sani yana cikin 'yan abubuwan da ba sa jiran sa hannun kowa. Matan da jajis ɗin Nana Asma'u suke jagoranta daga ƙauyuka don neman ilimi ba takarda ake ba su ba, haka dattawan da suka zauna ajin Yaƙi da Jahilci har suka iya rubuta sunayensu. Gemu bai hana su ba, talauci ma bai hana su ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, reshe ya ware minti 20 a ƙarshen kowane taro, wani daga cikinmu ya koya wa sauran sabon abu ɗaya da ya sani, ko na lissafi ne, ko na tarihin garinsu, ko na dashen itace. Ta biyu, mu saba wa bakinmu da faɗin "ban sani ba, amma gobe zan zo muku da amsa", sannan mu cika alkawarin. Ta uku ta iyalanmu ce: ku riƙa yi mana tambaya, mu ma mu zauna 'ya'yanmu su koya mana abin da suka fi mu sani, ba tare da jin nauyi ba.

Mai sha'awar buɗe wannan fili a taro mai zuwa ya sanar da sakataren reshe. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.